Furen Kabarin Estill

A duk kwarinmu na gabashin Kentaki, a Amurka, ba a taɓa yin mace mai saurin hannu irin Dovie Caudill ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta fasa wa wani ƙato hanci da kaskon suya saboda ya shuri karenta. Da ta girma, fasto da kansa yakan sa teburi tsakaninsa da ita kafin ya yi mata wa'azi. Abu biyu kaɗai na san tana taɓawa a hankali: mijinta Estill, da furen filoks da ke ƙofar gidan uwarta.

Filoks ba ya tashi sama. Rarrafe yake yi, duk inda reshensa ya taɓa ƙasa sai ya kafa saiwa, ya bar tsohon gindin ya bushe. Inuwa ce abar ƙinsa, kullum yana bin rana. Dovie ta san wannan tun tana ƙarama, don ita ce mai korar sa da fartanya idan ya shiga gonar wake. Mukan shuka shi a kan kabari idan babu halin sassaƙa dutse.

Estill mahaƙin kwal ne. A shekarar babban yajin aiki, 'yan bangar kamfani uku suka zo gidansu da hantsi, suka kira shi waje. Ya fito da cokali a hannu, suka ɗirka masa harsashi huɗu a ƙirji. Jininsa ya fantsama har kan gurasar masarar da ke teburi. Dovie ba ta yi kuka ba. Ta ɗora shi a kan alfadari, ta hau da shi gangaren dutsen kakanninsa, ta haƙa rami ita kaɗai, ta binne shi a akwatin katako da takalman aikinsa a ƙafa. Ta dasa damƙi ɗaya na filoks a kansa. Kashegari ta tare ɗaya daga cikin mutanen nan a bakin rafi, ta raba masa kai biyu da diga. A ranar ta shiga jirgin ƙasa zuwa jihar Ohayo da sunan wata mace.

Shekara talatin da biyu tana ɗinkin buhu a masana'anta. Sai wasiƙa ta zo mata cewa za a yanke kan dutsen a kwashe kwal. Ta dawo da furfura da bindiga mai baki biyu, ba ta ko tsaya gaisuwa ba.

Gangaren ya sauya mata. Inda ta bari fili, itatuwa sun rufe. Amma can ƙasa kaɗan, a wani sarari mai rana, ga filoks ya shimfiɗu jajir kamar bargo, don watan Afrilu ne. Ta durƙusa ta dafa shi, a nan ne ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da aka kashe shi. Ta zauna a tsakiyar furen, bindiga a cinya.

Da rana ta ɗaga, katafila ta hawo tana tuttuge itatuwa. Direban Delmer ne, ɗan ƙanenta, magidanci mai 'ya'ya biyar.

"Gwaggo! Ke ce?" ya yi ihu. "Don Allah tashi daga nan, kin ga aiki aka sa ni."

"Aikin uwaka! Sauko in gan ka, mai kunnen jaki."

"Haba Gwaggo, takarda ce da su. Ko ni ban yi ba, wani zai yi."

Ta ɗaga bindiga ta tarwatsa fitilar katafilar. Gilashi ya yanke shi a kumatu, jini ya gangaro masa cikin wuyan riga.

"Kin haukace ne? Ni ne fa, Delmer!"

"Na san ka sarai. Ubanka ma ni na yi masa tsarki. Harsashi ɗaya ya rage, kuma na cikinka ne."

Wani shugaban aiki ya lallaɓo ta bayanta zai ƙwace bindigar. Ta juyo ta sakar masa gindin bindigar a baki, haƙora biyu suka zube a kan furen. Ya ja da baya da rarrafe yana tofar da jini, babu wanda ya ƙara matsowa.

Delmer ya ɗaga hannu biyu. "To na ji. Faɗa mini inda Kawu Estill yake, na rantse da Allah ko ganye ba zan taka ba."

"Makaho ne kai? Ga shi nan ƙarƙashina."

"To ta ina zan bi?"

Ta nuna masa da bakin bindiga can sama, cikin inuwar itatuwa, inda babu komai sai busasshen ganye. "Bi ta can. Ka kauce ko taku ɗaya, in sa matarka takaba."

Ya bi inda ta ce. Katafilar ta kafa baki a ƙasa, ta ture itace na farko, ta ture na biyu. A na uku aka ji katako ya yi ƙara ya dare. Ƙasa ta mirgino gangaren, tare da ita takalmin aiki guda, ya zo ya tsaya dab da gefen furen. Ƙashin ƙafa na cikinsa.

Delmer ya kashe inji. Dovie ta dubi takalmin, ta dubi inuwar can sama, ta dubi furen da take zaune a kai. Abin da ta sani tun tana 'yar yarinya ya dawo mata a makare. Itatuwa sun rufe kabarin, filoks ya gudo neman rana, shekara talatin da biyu yana rarrafe, ya bar Estill a baya. Ita da hannunta ta nuna wa katafila mijinta.

Ta sa bakin bindigar a ƙasa ta harba sauran harsashin, sannan ta yi ta maka ta a jikin dutse har ƙotar ta karye. Delmer ya sauko zai riƙe ta, ta ture shi.

"Ba kai ba ne," in ji ta. "Cire rigarka."

A cikin rigar suka tsince Estill, ƙashi bayan ƙashi, har rana ta karkata. Suka binne shi a tsakiyar furen, ta kewaye wurin da manyan duwatsun rafi.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Duk Asabar takan hau da fartanya, duk reshen da ya kuskura ya leƙa bayan duwatsun nan sai ta datse shi, tana zaginsa.

"Koma ciki, munafuki. Sau ɗaya ka gudu ka bar shi, ba za ka ƙara ba."