Shafin da Salihu Tafinta Bai Cike Ba

Salihu Tafinta mutumin Dukawuya ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Gajere ne, ga son magana. A yaƙin Bama ya samo Turancinsa, shi ya sa da aka buɗe wani ƙaramin ɗakin shan magani a wajen Ƙofar Na'isa aka ɗauke shi yana yi wa likita Bature fassara.

Yana da wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi. Kowane shafi ya ja masa layi a tsakiya, hagu karin maganarmu, dama abin da Turawa ke faɗa a madadinta. In fatake suka sauka daga Sakkwato ko Katsina, sai ya tsare su da tambaya har tuwonsu ya huce. Mu mu ce ruwa ba ya tsami banza, in ji shi, su su ce hayaƙi ba ya tashi sai da wuta. Mu mu ce da babu gara ba daɗi, su su ce rabin burodi ya fi babu. Mukan tsokane shi cewa ko atishawa aka yi sai ya nemo mata Turanci. Shi kuwa ya ce ba a yi maganar da ba ta da 'yar'uwa a wani harshe ba.

A wurin aiki ba ya wasa. Ya san halin mutanenmu, mutum yana bakin kabari ka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Saboda haka Salihu ba ya tsayawa a kan abin da baki ya faɗa. Yakan dubi mara lafiya, ya ce wa likita wannan kada a sallame shi. Ya ceci mutane da yawa da haka, har da ni.

Da bazarar 1951 sanƙarau ya shigo gari. Wata safiya yayarsa Tani ta kawo Luba, 'yarsa ta fari, shekararta goma sha ɗaya, kai na sara, wuya ya fara ƙagewa. Tun ranar suna Salihu bai taɓa kiran sunan yarinyar ba. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka tarar, shi kuma ya riƙe ta fiye da kowa. Layi ya kai gindin tsamiya, rabinsa 'yan unguwa ne, ni ma ina ciki, ido duk a kansa. Bai shigar da ita gaba ba. Sai azahar aka zo kanta, lokacin gado ɗaya ya rage.

Likita ya tambayi 'yar waye. Salihu ya ce wata yarinya ce daga unguwarsu. Aka tambayi jiki, Tani ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," tana jiran ya ƙara abin da yake ƙara wa kowa. Ya fassara yadda ta faɗa, bai ƙara komai ba. Likita a gajiye yake, ya ba da ƙwayoyi, ya ce a dawo gobe. Gadon ya tafi ga na bayanta.

A bakin ƙofa Tani ta kama hannun rigarsa. "Salihu, ba ka ce masa komai ba?"

"Yaya, mutane na kallo. Allah ya kai mu goben."

Washegari da hantsi aka yi mata sutura.

Da likita ya ji ko 'yar waye ce, ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarma cikin zaure. Ina wurin. Ya tambayi Salihu wani abu a hankali da Turanci, daga baya aka gaya mini cewa ya yi, me ya hana ka ce taka ce? Ran nan na fara ganin Salihu ya rasa amsa, da Turanci da Hausa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, na kasa sanin ko haushinsa nake ji ko namu da muka tsaya a layi muna kallonsa.

Ya ƙara shekara shida a bakin aikin, amma bai sake tsare bafatake da tambaya ba. Bayan rasuwarsa ana kwashe kayan ɗakinsa, littafin ya faɗo hannuna. A shafin ƙarshe, gefen hagu, ya rubuta Luba. Gefen dama babu komai.