Ƙafa Takwas a Ƙarƙashin Gadon Yaya

Shekarun baya, tun Faransawa suna nan, na yi aiki a ofishin dabbobi na Gaya. Aikina kankare fatar akuya ko jaki mai ƙaiƙayi, in duba a gilashin ƙara girma, in faɗi abin da ke cin ta. Abin da aka fara cusa mini shi ne ƙirga ƙafa: mai shida dangin ƙwarƙwata da ƙuma ne, mai takwas dangin kaska ne. A gida kuwa ba wanda ya ɗauki aikin da daraja. Likitan awaki suke ce mini, ni kuma ina amsawa.

Wata ranar kasuwa aka kawo mini labari daga wani ƙauye wajen Yelu, inda yayata take aure. Wai ƙazuwa ta kama ta, surukarta Inna ta ware mata kwano, ta kuma karɓe jaririnta saboda shi ma ya fara ƙuraje. Sai lokacin ba da nono ake miƙo shi, yana gamawa a ɗauke. Mijinta kuma ya tafi fatauci Malanbil. Raina ya ɓaci ƙwarai, na sa gilashina a aljihu na hau keke.

Na tarar da Yaya zaune a ƙofar ɗakinta tana susa, idanunta sun kumbura don kuka. Na ce ta buɗe yatsunta. Ƙwaron ƙazuwa na san shi sarai: kewayayye ne kamar ɗan kunkuru, ƙafafunsa guntaye, yana haƙa rami cikin fata, kuma ya fi son tsakanin yatsu da wuyan hannu. Nata tsakanin yatsun fes. Ƙurajen duk a wuya suke da baya da damtse, inda jiki ke taɓa shimfiɗa.

"Yaya, da wa kike kwana a ɗakin nan?"

"Da wa kuwa? Ni da kazar Inna. Tana kwanci a ƙarƙashin gado."

Na durƙusa na jawo kwandon kazar, ta kai mini sara a hannu. Na goga farin ƙyalle a bakin kwandon da tsagar gadon kara, sai ga ɗigo-ɗigo suna tafiya. Na sa gilashi. Ƙafa takwas, dogaye, jiki ɗan siriri, wasu farare, waɗanda suka sha jini sun yi jajur. Ƙwaron kaji ne, ba ya shiga fatar mutum, cizo kawai yake yi ya koma maɓoyarsa.

Sauran aikin shi ne Inna, surukar Yaya. Tsohuwa ce mai kaifin baki, kuma ita da hannunta ta kai kazar ɗakin. Ta fito da yaron a goye, ta dube ni sama da ƙasa.

"To, likitan awaki, ka gama duba akuyar taka?"

"Na gama, Inna. Ba ƙazuwa ba ce."

"Ikon Allah! To da na ɗauke yaron, me ya sa ƙurajensa suka baje?"

"Saboda kin raba shi da ɗakin ne, Inna, ba don kin raba shi da uwarsa ba."

Ta yi tsaki. Na san in na ce kazarta ce, magana ta lalace. Sai na shimfiɗa ƙyallen a bayan turmi, na miƙa mata gilashin, na ce idona ya gaji, ta taimaka ta ƙirga mini ƙafafun. Da farko ta manna shi a idonta, ta ce ita duhu take gani. Na gyara mata. Sai ta ja da baya.

"Kai! Wannan ai kaska ce ƙarama! Har da jini a cikinta."

"Ƙanwar kaska ce, Inna."

"A ina ka samo ta?"

Na juya na dubi kwandon. Ita ma ta dube shi, ta daɗe tana kallo. Kazar na ciki ta baje fukafukai abinta.

Ba ta ba kowa haƙuri ba, ni ma ban sa rai ba. Ta ƙwala wa matan gidan kira a ɗora ruwan zafi, a fitar da gado rana, a ƙona kwandon, a zuba toka a ɗakin. Tana cikin ba da umarni ta sa hannu ta kwance goyon, ta miƙa wa Yaya yaron ba tare da ta dube ta ba.

"Karɓi ɗanki, ya karya mini baya."

Yaya ta rungume shi tana kuka tana dariya. Ni ma sai da na juya baya na yi kamar ina goge gilashi.

Na yi shekaru ina wannan aiki, na duba dabbobin da ban san adadinsu ba, amma ban taɓa jin daɗin iya ƙirga ƙafa kamar ranar ba. Abin da na riƙe tun lokacin shi ne, in kana da gaskiya a gaban babba, ka miƙa masa gilashin ya gani da idonsa.

Yaron nan yanzu yana da jikoki. Har Yaya ta bar duniya ba ta daina ce mini likitan awaki ba, sai dai in wani ya kuskura ya faɗa a gabanta, ranar zai ji bakinta.