Ranar da Dokta Kabiru Ya Kasa Yabon Ɗansa

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, a shekarata ta huɗu ina mataimakin koci a wata makarantar sakandare da ke Sri Petaling. Karatun digiri na uku ne ya kawo ni Kuala Lumpur, aikin ƙwallon kuwa na yamma ne. A lokacin muna da wani yaro Bakano, Mu'azzam, ɗan shekara sha bakwai, mai buga gaba. Ban taɓa horar da mai ƙafa irin tasa ba.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, idan jami'ar waje tana son ɗan wasa, sai ta kalli bidiyonsa, ta duba sakamakon jarrabawarsa, sannan ta turo wakili ya gana da iyaye. Wannan ganawar ta ƙarshe ba wasa ba ce. Suna tsoron yaron da gida ba su goyi bayansa ba, domin irinsu ne ke tattara kaya su gudo tun zangon farko. Mu'azzam ya tsallake matakai biyun farko, saura wannan.

Wakiliyar, Madam Karen, ta zo daga wata jami'a a Amurka. Muka zauna a ofishin wasanni, ni da ita da Mu'azzam da mahaifinsa Dokta Kabiru, malamin jami'a. Ta yi murmushi ta ce ya ba ta labarin ɗansa.

Dokta ya kalli taga. Da Turancinsa mai kyau ya ce, "Yaron dai yana ƙoƙari. Akwai waɗanda suka fi shi."

Ta sake tambaya ko yana alfahari da shi. Ya ce, "To, yaro ne, sai a hankali."

Na ga ta yi ɗan rubutu ta rufe fayil ɗin. Haushi ya kama ni, amma haushin kaina na fi ji. Ni Bahaushe ne, na san Mu'azzam ɗan fari ne, na san Dokta ko sunansa ba ya kamawa, balle ya yabe shi yana zaune. Na shirya bidiyo, na shirya takardu, na manta da wannan.

Na juya wajen yaron. "Mu'azzam, je mamak ɗin nan na ƙasa, wajen mai shayi, ka yi mana tapau, a ƙulla maka shayi huɗu ka kawo mana."

Ya ce, "Now, Coach? Ana meeting lah."

Na ce, "Yanzu. Kuma kada ka yi sauri."

Yana fita na koma Hausa. "Dokta, ka gafarce ni. Matar nan ba ta san kunyar ɗan fari ba. A ganinta ba ka son tafiyar. In ta fita a haka, shi ke nan tallafin karatun ya tafi."

Dokta ya ɗauke ido daga taga. Ya gyara zama ya dubi Madam Karen. Mutumin da ɗazu aka yi ta jan magana daga bakinsa sai ga shi ya ɓarke. Ya faɗi ƙwallon da yaron ya ci da hagu a filin Titiwangsa cikin ruwan sama, da wasan da aka cire shi bisa kuskure, da ciwon gwiwar da ya ɓoye mana. Ashe duk Asabar yana ajiye mota bayan shinge ya kalla daga ciki, ya tafi kafin a tashi. Ni kaina ban sani ba. Duk tsawon maganar nan bai ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, "yaron nan" kawai yake cewa. Madam Karen ta buɗe fayil ɗin ta miƙa masa biro.

Mu'azzam ya dawo da shayi ya tarar da mahaifinsa ya koma kallon taga. Da muka fito yaron ya ja ni gefe.

"Coach, me Baba ya ce?"

Na ce, "Ya sa hannu."

Ya sauke ajiyar zuciya. Yanzu yana shekararsa ta biyu a jami'ar, yana buga musu wasa.

Abin da nake gaya wa sababbin kociyoyi shi ne, horar da yaro rabin aikin ne, sauran rabin sanin gidansu ne. Tun daga ranar, duk uban da ya zo ganawa na ga ya kafe taga da ido, ba na cewa ba ya son ɗansa. Yaron nake fitarwa tukuna.