Kwandon Magungunan Inna

Tarin nan da nake yi ya girmi gemuna. Da shi na tashi tun ina yaro a ƙauyenmu na gefen Garhanga, kuma duk shekara, da an yanke hatsi sanyi ya fara saukowa daga kan dutse, sai ya zo ya tare mini a ƙirji. Inna ce kaɗai ta san makarinsa. Takan dafa wani abu a 'yar tukunya, mai ɗaci da ƙamshin fure, ta ajiye a bakin ƙofa, ta kau da kai ta ce, "A ce ma wancan shi sha."

Ni ne wancan. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ina kallon yadda take jan kunnen ƙannena tana dariya, sai in ji kishi ya kama ni.

Inna ba boka ba ce. Mace ce da ta san daji kamar yadda ta san ɗakin girkinta: sabara, geza, bagaruwa, saiwar wannan, ɓawon wancan. Mata na zuwa da ciwon ciki, da yaron da ya ƙi nono, da tsohon da gwiwa ta hana shi sujada. Ni kuwa aka kai ni lakwal, makarantar boko, a Madawa, na yi karatu, na zama mushe, wato malamin makaranta, na fara ganin kaina. Wata shekara na je gida da sabuwar riga da bik na rubutu a aljihu, na tarar tana ɗiban garin magani da yatsu uku. Na ce mata maganin da ba shi da awo ba magani ba ne. Ta ci gaba da ɗibarta. Daga ranar ban sake shan abin tukunyar nan ba, na koma sayen siro, maganin tari na kwalba, a farmasi. Yanzu ga shi rediyo da waya sun cika da masu yabon zoborodo da zogale, wai suna wanke jini suna hana tsufa da wuri, har da sunaye masu tsawo na turanci. Idan na ji sai in yi dariya ni kaɗai, don abin da na raina ne ya sanya kwat a jiki ya dawo.

Ni kaɗai ɗin ne kuwa. Matata ta riga ni gidan gaskiya, yaran suna Yamai da Agadas, sukan kira ranar Juma'a idan sun tuna. Na ajiye aiki. Gidana na kusa da babbar hanya, kuma yawancin abin da nake ji a yini shi ne kukan manyan motocin albasa.

Inna ta rasu bayan girbi, shekara biyu da suka wuce. Da aka zo rabon tarkacenta, ƙannena mata suka ɗauki kwanoni da zannuwa. Kwandon magungunanta ne babu mai so. Ƙanwata ta ce, "Yaya, kai ne mai karatu, ka tafi da shi." Na ɗauko shi a cinya har Madawa.

A ciki akwai ƙulle-ƙulle da yawa, kowanne an naɗe shi da takardar buhun siminti, an ɗaure da siririn ƙyalle. Wani shuɗi, wani ja, wani na atamfa mai fure, amma mafi yawansu kaki ne da ya koɗe. Babu rubutu ko ɗaya, don Inna ba ta san baƙi ba. Da sanyi ya shigo tarin ya taso mini fiye da kowace shekara, siro ya ƙi yin komai, na tabbata maganina na cikin kwandon nan. Wanne ne? Nan fa ɗaya.

Sai halin mushe ya motsa. Na ɗauko kaye, littafin rubutu, na ja layi, na ce ai kowane launi ciwo ɗaya yake nufi. Shuɗi na ciki, ja na jini. Kakin kuwa tunda ya fi yawa, na rubuta a gabansa "zazzaɓin damina", don shi ne ciwon kowa. Na kwance ɗaya na shaƙa, ban ji komai ba sai ƙamshin tsohuwar ciyawa. Na yi mako biyu a kan wannan lissafi, ban iya sa ko ɗaya a tukunya ba. Tsoro nake ji. Mutum ya sha maganin naƙuda yana neman na tari, ya mutu a ɗaki shi kaɗai, sai wari ya sanar da maƙwabta.

Mutum ɗaya ta rage da za ta iya sani: aminiyar Inna, wadda suka yi fiye da shekara hamsin suna hawa dutse tare. Muna kiranta Iya. Na shiga motar Buza da safe, daga can na hau kabu-kabu, kwandon a gabana ina tari har mai babur ya tambaye ni ko asibiti zai kai ni.

Na tarar da ita a zaune a rana tana ɓarar gyaɗa. Idanunta sun yi fari, sai da na yi tari ta gane ni.

"Tarin ga na san shi," in ji ta. "Mushe, kai na? Ka tuna hanya?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kwandon, na buɗe kayena na fara karanta mata abin da na tsara. Ta bar ni har na kai ƙarshe. Sannan ta yi dariya har gyaɗar ta zube daga cinyarta.

"Kai da karatunka! Ƙyallen ga ba na ciwo ba na, ɗana, na mutum na. Duk wanda za ta ɗebo ma magani, sai ta yago bakin tsohuwar rigatai ko zane, ta ɗaure da shi. Maganin da anka ɗebo da niyyar mutum ba a ba wani, ba a zubarwa. Shina nan sai mai shi ya zo."

Ta sa hannu a kwandon tana shafawa. Shuɗin na matar maƙeri ne, ta rasu ba ta karɓa ba. Mai furen na wata 'yar Fulani ne da suka tashi da shanunsu suka yi kudu. Na ce, "To kakin nan fa, Iya? Wane ne wannan da ya ƙi zuwa har suka taru haka?"

Ta ɗago fararen idanunta wajena.

"Ba ka gane rigakka ba?"

Na ɗauki ɗaya na duba da kyau. Rigar lakwal ɗina ce, ta shekarar ƙarshe, wadda na bari a gida don ta yi mini kaɗan. Har ɗinkin da na yi mata da kaina a hannu, da baƙin zare, yana jikin wani ƙyallen. Na ƙirga su a kan tabarma. Ashirin da shida ne.

Iya ta ce duk shekara da an yanke hatsi sai Inna ta ce mata su hau dutse, sanyi ya kusa, wancan zai fara. Na ce me ya hana ta aiko mini? Muryata ta fita da zafi, kamar wani ne ya yi mini laifi.

"Ta aika da wane baki? Ta ce ma mai mota a kai ma wa? Sunanka za ta hwaɗi? Kuma tun ran da ka ce maganinta ba shi da awo, ta ce ba ta tura ma. In ka tambaya, ga shi. Ai duk ran da za ka zo gida sai ta hiddo kwandon ta aje bakin ƙohwa, inda kaka tuɓe takalmi."

Na tuna kwandon a wurin. Na tuna har wata Sallah na ture shi gefe da ƙafa don in samu wurin ajiye jakata.

Na tambaye ta abin da ke ciki, don in riƙa haɗawa da kaina. Ta ce ganyen sabara, geza, da furen bagaruwa, waɗannan ta sani. Akwai kuma wata saiwa da Inna ke ratsewa ta haƙo ita kaɗai a bayan wani kwari, ba ta taɓa nuna mata ba, ita ma ba ta tambaya ba, don kowace mace da nata asirin. Tsofaffin ƙullin duk sun mutu, sun zama ciyawa. Ɗaya ne kawai da sauran ƙarfi.

Ta lalubo shi daga ƙasa ta miƙo mini. Shi ba siririn ƙyalle ne a jikinsa ba. Da wuyan rigar aka ɗaure shi, har da maɓallinsa.

"Wanga shi na na ƙarshe," in ji Iya. "Ran da ta ɗaure shi ta ce mini, rigar ta ƙare. Baɗi sai dai in ya zo ya bar wata."

Na zauna ina taya ta tsince gyaɗar da ta zube, ina kuka, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Da na koma Madawa na dafa shi a 'yar tukunya. Da yatsu uku na ɗiba. Ƙamshin ya cika ɗakin, shi ne dai, ɗacin ma bai canja ba. Na sha kwana tara yana yi mini sauƙi, kuma a rana ta goma takardar ta zama fayau.

Sanyi ya sake shigowa bana, tarin ya dawo, na koma farmasi. Kwandon yana bakin ƙofata, inda nake tuɓe takalmi. Rannan na ɗauko wata tsohuwar rigata mai laushin yagewa, na wanke ta, na ninke, na sa a ciki. Tana nan yadda na sa ta.