Likitar Masu Rakiya

Kafin a buɗe tagar yankan kati ta riga ta iso. Za ta rataye jakarta a ƙusar da ke bayan ƙofa, ta wanke hannu da ruwan bokiti, domin famfon asibitin unguwarmu ya daɗe da zama abin ado. Sannan ta jawo kujeru biyu gaban teburinta, ɗaya ta mara lafiya, ɗaya ta wanda ya rako shi. Haka Likita take yi tun gashinta yana baƙi har ya yi furfura, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Likitar iyali ce, irin wadda ke duba jariri da uwarsa da kakarsa a ɗaki guda. Abokan karatunta da suka zama ƙwararru a babban asibiti "likitar mura" suke ce mata. Ita dariya take yi. Ni kuwa sunan yana ƙona mini rai, domin na san abin da ta yi wa gidanmu.

Da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, yayarmu ce ta ɗauki jinyarsa. Ita ce wanka, ita ce juya shi, ita ce ba shi abinci a baki. Ran nan ta kai shi a duba shi. Likita ta gama da Baba tsaf, sai ta juyo wajen Yaya.

"To ke fa 'yata, yaushe rabonki da barci?"

"Ai ni rakiya na yi, Likita. Lafiyata lau."

"Na ji. Miƙo hannun dai, rakiyar ma da jiki ake yin ta."

Da ta auna, jinin Yaya ya fi na Baba hawa. Likita ta ce, "Idan kika faɗi, wa zai juya tsohon nan? Kira mini ƙannenki, ina da magana da su." Baba, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Ashe ni na kawo ta asibiti." Yau Yaya tana nan da ƙafarta, tana shan maganinta, jinyar kuma karɓa-karɓa muke yi.

Ba mu kaɗai ba ne. Direban da ke layinmu ya rako matarsa awon ciki, yana ta kaɗa makullin mota wai sauri yake yi. Likita ta lura ya leƙa banɗaki har sau nawa, ga leɓensa a bushe. Ta nan aka gano yana da ciwon suga. Har gobe yana cewa shi da aka kama shi, ko kati bai yanka ba.

To, bara sai ga masu bincike, sun zo nazarin matsalolin ƙananan asibitoci. Likita ta yi murna kamar an yi mata albishir. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ta zayyana musu komai: babu ruwa, ma'aikaciyar jinya ɗaya tak, magani ya ƙare tun kafin wata ya raba, matasan likitocin da ake turowa kuwa ko kujera ba sa ɗumamawa suke neman canji. Suka saurara, suka gyaɗa kai, sannan suka zauna a kusurwar ɗakinta da agogo a hannu suna auna daɗewarta da kowane mai kati.

Mai rakiya ba shi da kati, saboda haka a wajensu bai shigo ɗakin ba. Da rahoton ya fito, sai ga Likita ita ce mafi jinkiri a duk yankin, wai tana ɓata lokaci a kan mutanen da ba su zo ganin likita ba. Shawarar da suka bayar ita ce mai rakiya ya riƙa jira a waje, sai dai in yaro ne ba shi da lafiya, ko wanda ba ya iya magana. Hukuma, da ba ta taɓa saurin gyara famfo ba, wannan shawarar kam ta cafe ta da hannu biyu. An bar jaki ana dukan taiki. Daga wata mai zuwa kujera ɗaya za a bari a ɗakin.

Ba ƙin bincike nake yi ba, ina ma a yi ta yi. Amma wane irin bincike ne zai ƙirga mara lafiya ya tsallake wadda ta goyo shi? Matar da aka tare wa shanyewar jiki tun bai zo ba, a wane ma'auni za ta fito? Da na kai wa Likita wannan ƙorafi, raina a ɓace, cewa ta yi, "Ɗana, ba ƙarya suka yi ba, ina daɗewa. Abin da suka zo aunawa shi suka auna." Wannan haƙurin nata ya ƙara tunzura ni.

Likita, ke ce kika gane cewa ciwo ba ya kwantar da mutum ɗaya a gida. Ke ce mai duban wanda ya ce lafiyarsa lau. Ba ki taɓa yi mana tsawa don mun zo a makare ba, ba ki taɓa rubuta magani idonki a kan takarda ba tare da kin kalli fuskar mutum ba. Uwar masu jinya, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar da kika tsare wa wasu.

Sai kwanan nan na san abin da ya sa za ta tafi tun lokacinta bai cika ba. Maigidanta ne ya kwanta, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, ba ya yarda da hannun kowa sai nata. Yaya ta gan ta a babban asibiti, inda dokar jira a waje ta riga ta fara aiki. An shiga da shi, ita tana tsaye a baranda riƙe da sandarsa, ƙafafunta a kumbure. Likitoci suna ta wuce ta, babu wanda ya dubi ƙafar.

Ku matasan likitoci, ba a buƙatar izinin kowa kafin mutum ya ɗaga kai ya yi tambaya. Ku masu bincike, in kun dawo, ku ƙirga da waɗanda ke tsaye a baranda. Kuma duk likitan da tsohuwar nan ta kawo masa mijinta, ya taimaka ya leƙo waje ya ce ta shigo, ya auna ta. Za ta ce rakiya ta yi. Kada ya yarda.