Azurfar Baba a Wuyan Jaririya

Ko zan manta komai a duniya, ban da safiyar sunan 'yata ta fari a gidanmu na Unguwar Kanawa.

Babanmu mutum ne mai tara tsofaffin kuɗi. Wasu ma ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba, duk sun yi baƙi ƙirin. Amma akwai wata 'yar azurfa da ya fi so, dirhamin zamanin Mongol, mutanen da suka rusa Bagadaza, daga baya jikokinsu suka musulunta suka buga kalmar shahada a kuɗinsu. Wurin wani dattijo ya samo ta a Madina. Auduga yake shimfiɗa mata a gwangwani, mu 'ya'yansa ko taɓawa ba ma yi. Mama takan ce da ita ake lallaɓawa haka, da tuni ta yi ƙiba.

To ina zaman jego a gida, Mama ta rantse jikarta ba za ta fito ranar suna wuya ba ado ba. Ba ta shawarci kowa ba. Ta buɗe gwangwanin, ta zaɓi mai kalma, ta kai wa maƙeri a Kawo ya huda, ya goge ta fes, ta zura mata zare, ta rataya wa jaririyar a wuya. Da na gani gabana ya faɗi, don Baba ya sha faɗa mana cewa huda ɗaya ke kashe darajar tsohon kuɗi.

Bayan an raɗa suna Baba ya shigo, aka miƙa masa jaririya. Wallahi na ga idonsa ya sauka kan azurfar. Mama kuwa ko a jikinta, cewa ta yi, "Alhaji, ai gara ta sha iska, ta gaji da gwangwani."

Ya daɗe yana juya azurfar, har yarinyar ta kama yatsansa ta riƙe. Sai ya share ido da hannun riga ya ce, "Ta bi hannun sarakuna da fatake, ba ta taɓa samun mai ita kamar wannan ba. A bar mata."

Na ji tausayinsa ranar, na kuma ƙara ƙaunarsa. Yanzu Baba ya rasu, gwangwanin yana wurina, azurfar tana wuyan yarinyar har yau. A wurinsa na koyi cewa in abin da kake so ya yi karo da wanda kake so, abin za ka saki.