Duna da Lasifikar Ladan

Har gobe ba na manta ranar da aka kira ni in kashe kare saboda wai yana gaba da kiran salla. A lokacin ina ofishin kula da lafiyar dabbobi na Shagari, a matsayin mataimakin likita. Ga wanda bai san tsarinmu ba, likitan dabbobi shi ne wanda ya yi jami'a, shi ke duba shiyya guda. Mu mataimaka mu ne masu hawa babur mu shiga ƙauyuka, mu yi wa shanu rigakafi, mu ɗura wa tumaki maganin tsutsa, saniya ta harbe mu, mu dawo muna ɗingishi. A ƙauye kuwa duk wanda ya riƙe sirinji Dakta ne, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba.

Saƙon ya zo ne daga mai garin wani ƙauye can gaba da Dandin Mahe: kare ya haukace, in zo da allurar da za ta gama da shi. A ƙa'idar aikinmu ba a kwana da rahoton haukan kare, domin cuta ce mai kisa idan ta shiga jikin mutum. Na kira ogata, likitar shiyya, wadda ranar take Bodinga. Ta tambaye ni ko ya ciji wani, na ce a'a. Ta tambayi tun yaushe ya fara, na ce an ce tun kafin a cire albasa, ga shi yanzu ana sharar gona. Ta yi dariya ta ce mahaukacin kare ba ya daɗewa haka a duniya, in je in zauna in kalle shi tukuna, kada in yi gaggawar soka masa komai.

Na isa da hantsi, na tarar da mai gari a zaure, ladan Malam Bube na gefensa ya cika ya batse. Bayan na faɗi na yi gaisuwa, ladan bai ma jira an ba shi dama ba.

"Dakta, karen ga ba hauka ɗai shika yi ba, rashin kunya ta. Da na ta da kiran salla, shi ko sai shi ta da nashi. Kullum, safe da marece."

Mai gari ya ce an yi haƙuri har an gaji, kuma in ban yi da allura ba, samari sun ce za su yi da sanduna.

Mai karen wani tsoho ne, Baba Altine, manomin albasa, gidansa bango ɗaya da masallaci. Na tarar da wanda ake tuhuma ɗaure da sarƙa a gindin bangon nan, baƙi, ramamme, sunansa Duna. Yana ganina ya shige bayan turmi yana leƙe. Na sa aka ba shi ruwa ya sha, aka jefa masa ƙanzo ya cinye. Idonsa garau, bakinsa ba dalala. Na sha ganin mahaukatan karnuka, wannan kam matsoraci ne kawai. Baba Altine ya gaya mini cewa karen ɗansa Sani ne, wanda ya rasu a hatsarin mota a hanyar kai albasa kudu. Da kullum yana bin Sani fadama. Tun rasuwar aka ɗaure shi, kuma shi kaɗai ya rage wa tsohon a cikin abin da yaron ya bari. Bai roƙe ni komai ba, sai dai idonsa bai bar jakata ba.

Na nemi tabarma na zauna jiran azahar. Da na ɗaga kai sai na ga bakin lasifikar masallaci ya leƙo daidai kan inda karen yake ɗaure. Lokaci na yi, Malam Bube ya kunna kayansa. Ashe yana da al'ada: sai ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa, ya hura masa iska, lasifikar ta saki wata ƙara mai tsini wadda na ji ta har cikin haƙorana. Duna ya zabura, jikinsa na rawa, ya saki fitsari, ya dinga haushi kamar za a yanka shi. Ladan bai ko ce uffan ba tukuna.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni mamaki. Baba Altine ya tashi ya wangale ƙofar gida, yadda duk mai wucewa masallaci zai gani, ya ɗauki sanda ya hau dukan karen. Yana dukan yana kawar da kai. Bayan an idar da salla na tambaye shi dalili.

"In ban buge shi ba, mi mutane ka cewa? Cewa za su yi Altine ya bi bayan kare ya bar salla."

Nan na gane inda matsalar take. A wurin Duna, ƙarar lasifika ba ƙara ce kawai ba, sanarwa ce cewa sanda na tafe. Ni ma da za a riƙa zane ni duk lokacin da Malam Bube ya hura makirfo, da na fi karen nan ihu.

Na koma zaure na roƙi mai gari alfarma guda: a kira la'asar da baki, ba lasifika. Ladan ya harzuƙa. Lasifikar nan wani ɗan takara ne ya kawo ta lokacin neman ƙuri'a, kuma tun daga ranar Malam Bube yake jin kansa kamar mai gabatar da labarai a rediyo. Ya tambaye ni ko kare na zo dubawa ko shi. Mai gari dai mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf, ya ce a gwada.

Da la'asar na ɓoye sandar Baba Altine a ƙarƙashin tabarmata. Malam Bube ya hau dakali ya toshe kunne ya kira salla, kuma gaskiya Allah ya ba shi murya, lasifikar ce ke cutarsa. Duna ya ɗaga kunne ɗaya, ya dubi mai gidansa, ya ga ba sanda, ya mayar da haɓarsa ƙasa. Da aka sallame, na ce a kunna lasifikar kawai, mai gari na tsaye a gindinta. Ladan ya ƙwanƙwasa, ya hura, abin ya tsala ƙara. Duna ya ɓarke da haushi, mai gari kuma ya yi tsalle gefe har takalminsa ɗaya ya fice.

"Kai Bube, kashe abin ga kahin shi kashe mu."

Sai ga mutanen da da safe suke neman ran kare kowa ya tuno nasa ƙorafin. Wannan ya ce jaririnsa na firgita, wancan ya ce ai shi ya daɗe yana cewa wayar ta lalace. Ba wanda ya taɓa faɗa, don kada a ce yana ƙin kiran salla. Kare ne kaɗai bai san wannan siyasar ba.

Duk da haka mai gari ya ce ba za a cire lasifika ba, domin da ita masu aiki a fadama ke sanin lokaci. Ya ba mu zuwa saukar ruwan farko. In karen bai daina ba, in dawo da allurata.

Na sake kiran ogata muka tsara abin yi. A juya bakin lasifikar ya kalli fili, a nemo mai gyara ya duba wayar, ladan ya rage ƙwanƙwasa. A kwance Duna daga gindin bango a mayar da shi tsohon ɗakin ƙasa da ke ƙuryar gida, a bar ƙofar a buɗe ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Baba Altine ya riƙa tafiya da shi gona da safe don ya gaji. Ba duka, ba tsawa. Sai kuma babban sharaɗi: da an ji motsin kunna lasifika, kafin karen ya buɗe baki, a miƙa masa abin da yake so, ƙashi ko kan kifi, har ya saba cewa ƙarar nan abinci take kawowa.

Tsohon ya yarda da komai ban da na ƙarshen. Ya ce so nake a ce yana biyan kare lada don ya yi wa ladan haushi. Na ce masa gaskiya za a faɗa, kuma za a yi dariya, amma ya zaɓa tsakanin dariyar mutane da ran karen Sani. Ya ce in tafi, ya ji.

An kuwa yi dariyar. Duk zuwan da na yi sai na tarar da sabon zance. Samari suka ce Duna ya fi kowa morewa a garin, yana cin abinci sau biyar a rana. Wasu suka riƙa tambayar tsohon ko karen nasa ya fara alwala. Ya shanye duka. Aikin ma bai tafi sumul ba, domin mai gyara ya yi ta yawo da hankalin mutane, Malam Bube kuma in ya manta sai yatsarsa ta koma ƙwanƙwasa, Duna ya koma gidan jiya. Akwai zuwan da na yi na koma Shagari raina a ɓace, na tabbata zan kashe karen nan da hannuna.

Da ruwa ya sauka na koma da allurar a jaka, kamar yadda aka umarta. Mai gari ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar gidan da azahar. Aka kunna lasifika. Duna ya miƙe, ya yi ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ya yi haushi guda, sannan ya ruga wurin Baba Altine ya kwantar da kai kusa da ƙafarsa yana kaɗa wutsiya. Tsohon ya miƙa masa kan kifi a gaban kowa. Aka gama kiran salla tsit. Mai gari ya ce in wannan ne haushin, akwai mutane a majalisarsa da suka fi shi, in mayar da allurata.

Bayan salla Baba Altine ya rako ni wurin babur. Na zaci godiya zai yi.

"Dakta, watannin ga dud, in na buge shi na shiga sahu, wallahi ban san mi nika yi ba. Kukanai ɗai nika ji. Yau na san raka'a nawa munka yi."

Na yi ta kokawa da babur ɗin da lafiyarsa lau, don kada ya ga idona.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, za ku ga ana dukan dabbobi da yawa, jaki, kare, sa. Kada ku yi saurin cewa mai su mugu ne. Sau da yawa kunyar idon jama'a ce ke ɗaga sandar, kuma in ba ku sama wa mutum hanyar ajiye ta ba, maganinku ba zai yi aiki ba. Duna ya tsufa a gidan nan. Har ya mutu bai daina tsoron tsawa ba, in hadari ya taso sai ya shige ɗakinsa, tsohon ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa har a ɗauke ruwa.